Ko-ta-kwana: Abin da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ta Tarar a Gonakin Ungogo

Gabatarwa

Da Edita ya aiko mini cewa in rubuta wani abu na tarihi a kan aikin da na ƙare ƙuruciyata a cikinsa, watau aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda yau kowa ke kira kwamfuta, na daɗe ina tunanin ta inda zan kama. Daga ƙarshe na ga babu inda ya fi dacewa in fara illa ranar da na ji kunya a gaban yayana.

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2023 aka yi wa babban ɗana haihuwa. Ana gobe suna na tafi kara in sayo rago. Kowa dai ya tuna halin da ake ciki a lokacin: an janye tsofaffin takardun kuɗi, sababbin kuma ba su wadata ba. Muka yi ciniki da mai rago, ya sallama, na ciro waya na tura masa kuɗinsa. Nan take aka cire kuɗin daga asusuna, amma shi bai ga komai ba. Muka zauna jira. Aka yi la'asar, aka yi magariba, shiru. Mutumin nan bai yi mini rashin mutunci ba, cewa kawai ya yi, "Alhaji, ka yi haƙuri, ni ma ba nawa ba ne, dillanci nake yi." Haka na koma Ungogo hannu rabbana.

Yayana, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, ya saurare ni har na kai aya. Sa'an nan ya tashi ya nufi turke, ya kwanto ɗaya daga cikin ragunan da yake kiwo domin babbar salla, ya miƙa wa yaro igiya. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka shekara talatin kana gadin injin kuɗi, ashe ba ka ajiye ko-ta-kwana ba?" Na ce, "Yaya, ai injin ne ya tsaya." Ya ce, "Ruwan sama ma yana tsayawa. Ka taɓa ganin an fasa ɗora tukunya a gidan nan?"

Kuɗina sun dawo bayan kwana tara, amma maganar Yaya ba ta bar ni ba har yau, domin a cikinta ya taƙaita darasin da masana kwamfuta suka kwashe shekaru masu yawa suna koyo. Darasin kuwa shi ne, na'urar da za a dogara da ita ba ita ce wadda ba ta lalacewa ba, don babu irinta a duniya. Ita ce wadda aka tsara ta yadda idan wani sashe nata ya lalace, aiki ba zai tsaya ba. Tarihin wannan darasi nake so in bayar, kuma daga gona zan fara, don a can na fara ganinsa.

Gonakin Ungogo

A shekarar 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya buga rahoton wani bincike da Michael Mortimore da J. Wilson suka gudanar a Gundumar Ungogo. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda jama'a suka yi cunkoso a karkarar da ke kewaye da birnin Kano, har ta kai ba a barin gona ta huta, kowace damina sai an noma ta, amma duk da haka ƙasa ba ta mutu ba, mutane kuma ba su watse ba. Wanda ya tashi a wannan yanki ya san sirrin. Da rani jakuna kan shiga birni ɗauke da itace, su komo da mangalar taki a zuba a gona. Da damina kuma ba a ba wa iri ɗaya gona shi kaɗai.

Mahaifinmu yakan shuka gero da ruwan farko, tare da dawa. Bayan an yi noman fari sai a sa wake a tsakani. A gonar gyaɗa kuma yakan yi gicci, watau a ja layin hatsi jefi-jefi yana gitta kunyoyin gyaɗar. Kowane iri da halinsa. Gero yana nuna cikin wata uku ko kusa da haka, saboda haka idan ruwa ya ɗauke da wuri ya riga ya tsira, shi ne kuma ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Dawa tana daɗewa har cikin kaka, idan an yi fari a farkon damina ruwa ya dawo daga baya, takan farfaɗo ta cika rumbu. Wake yana ba da abinci, ya ba dabbobi harawa. Gyaɗa ita ce kuɗin haraji da tufafi. Har ila yau gonakin ba a wuri ɗaya suke ba, akwai ta jigawa, akwai 'yar fadama. Bayan gona akwai awaki da tumaki, waɗanda su ne asusun talaka, bayan su kuma akwai sana'ar rani. Kafin yunwa ta kai ga tukunya sai ta tsallake duk waɗannan katangu ɗaya bayan ɗaya.

Malaman gona na zamanin Turawa da yawansu sun ɗauki wannan gauraye a matsayin rashin tsari, suna kira da a riƙa shuka iri ɗaya tsantsa a jere. Sai daga ƙarshen shekarun 1960 ne binciken David Norman da abokan aikinsa a Samaru ya nuna cewa manomin yana da hujja, domin amfanin da gauraye ke bayarwa ya fi tabbas daga shekara zuwa shekara.

Tarihin gyaɗa ma ya ba da tasa shaidar. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, har dalar gyaɗa ta zama alamar Kano, Nijeriya kuma ta shiga gaba a duniya wajen fitar da ita a shekarun 1960. Sai aka yi babban fari a 1972 da 1973. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, ta mamaye ƙasar Arewa. Ina aji uku a lokacin. Da na zo hutu na ga gonakin gyaɗa sun ƙanƙance sun yi rawaya tun daga bakin gari har iyakar ganinka. Wani maƙwabcinmu yana da gona biyu manya, duka ya ba gyaɗa, duka kuma suka tafi a mako ɗaya, sai da ya sayar da jakinsa kafin kaka. Mu ma gyaɗarmu ta mutu, amma layukan dawar da ke gicce a cikinta suka tsaya. Ba cutar kaɗai ce ta rushe dalar gyaɗa ba, akwai zuwan arzikin man fetur da wasu dalilai, amma tun daga wannan lokaci dala ba ta sake tashi kamar da ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe labarin maƙwabcin nan namu, za mu komo kansa.

Yadda Na'ura Ta Koyi Zama da Kuskure

Kwamfutocin farko sun fi daminar Arewa rashin tabbas. Wadda ake kira ENIAC, da aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania ta ƙasar Amurka a watan Fabrairu na 1946, tana ɗauke da ƙwayaye na gilashi masu kama da ƙwan fitila, irin na tsofaffin akwatunan rediyo, fiye da 17,000. Ɗaya daga ciki ya ƙone, lissafi ya ɓaci. Dabarar da masu kula da ita suka yi ita ce rage ƙarfin wutar da ke shiga ƙwayayen, da kuma daina kashe na'urar, don sun lura a lokacin kunnawa ne aka fi samun ƙonewa. Da haka suka kai ga sai kamar bayan kwana biyu ƙwai ɗaya ke mutuwa. Wannan ita ce hanya ta farko, watau kyautata kayan aiki da lallaɓa su. Tana da amfani, amma tana da iyaka, domin komai kyawun iri ba ya hana fari.

Hanya ta biyu ta fito ne daga takaicin wani masanin lissafi mai suna Richard Hamming, na kamfanin binciken wayar tarho na Bell. A 1947 ba ya samun damar amfani da na'urar ma'aikatarsu sai a ƙarshen mako, lokacin da babu mai tsaronta. Na'urar tana iya gane cewa kuskure ya auku, amma da ta gane sai ta yar da aikin ta kama na gaba. Sai ya zo ranar Litinin ya tarar babu abin da aka yi masa. Ya yi tunani cewa na'urar da ta iya sanin an yi kuskure, ya kamata ta iya sanin inda yake ta gyara shi. A 1950 ya buga hanyar yin haka.

Ga misali mai sauƙi. A ce akawun sikeli ya rubuta yawan buhunan da aka auna a cikin gidaje, layi biyar a kwance, layi biyar a tsaye, sa'an nan ya rubuta jimillar kowane layi a gefe da kuma a ƙasa. Idan ruwa ya ɗiga ya ɓata lamba ɗaya, jimillar layi ɗaya na kwance ba za ta yi daidai ba, haka ma ta layi ɗaya na tsaye. Inda layukan biyu suka haɗu, nan ɓarnar take, kuma daga jimillar za a san lambar da ta ɓace. Hanyar Hamming ta fi wannan tattali, amma tushen ɗaya ne: a ƙara wa saƙo 'yan lambobin da ba a buƙatarsu ranar lafiya, domin ranar ɓarna. Kowannenmu yana ɗauke da ɗan'uwan wannan dabara a aljihu. Lambar asusun banki mai lamba 10 da ake amfani da ita a Nijeriya tun wajen 2011, lambarta ta ƙarshe ba ta cikin lissafin asusu, an samo ta ne daga sauran domin ta tona asiri idan yatsa ya zame. Ita ba ta gyara, amma tana hana kuɗi tafiya inda ba a aike su ba a mafi yawan lokuta.

Hanya ta uku ta John von Neumann ce, wanda ya yi laccoci a kanta a 1952 aka buga su a 1956. Tambayarsa ita ce, yaya za a haɗa abu mai tabbas daga kayan da ba su da tabbas? Amsarsa kuwa, a ba na'urori uku aiki ɗaya, a kwatanta amsoshinsu, a bi abin da biyu suka yi ittifaƙi a kai. Idan ɗaya ta ruɗe, biyu sun rinjaye ta, aiki ya ci gaba kafin a zo gyara.

Hanya ta huɗu ita ce ta fi burge ni. Ranar 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 yana gangarawa zuwa duniyar wata ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sai kwamfutar kumbon ta fara ƙarar gargaɗi, tana nuna lamba 1202, daga baya 1201. Wata na'urar hangen nesa da ba a buƙatarta a lokacin sauka ce ke cinye mata lokaci, har aiki ya fi ƙarfinta. Amma masu rubuta manhajarta a cibiyar MIT, waɗanda Margaret Hamilton na cikin shugabanninsu, sun riga sun jera mata ayyuka bisa muhimmancinsu. Saboda haka maimakon ta sandare, sai ta zubar da ƙananan ayyuka ta riƙe na tuƙi da sauka, aka sauka lafiya. Haka mahaifinmu yake yi idan ciyawa ta fi ƙarfin hannu: ya saki gonar nesa ya ceci geron bayan gida. Rabin amfani ya fi babu.

Biyu Iri Ɗaya Ba Biyu Ba Ne

Yanzu sai mu koma kan maƙwabcinmu mai gona biyu. A ido yana da ko-ta-kwana, tun da idan ɗaya ta ƙi ɗaya za ta yi. Amma da yake abu ɗaya ya shuka a cikinsu, cuta ɗaya ta ishe su. Masana kwamfuta sun sayi wannan darasi da tsada.

Ranar 4 ga Yuni 1996 ƙasashen Turai suka harba sabuwar rokarsu Ariane 5 a karo na farko, daga Kourou a Kudancin Amurka, ɗauke da taurarin ɗan'adam guda huɗu. Na'urar da ke gaya wa rokar inda ta dosa guda biyu ce, ɗaya tana aiki ɗaya tana jiran ko-ta-kwana. Sai dai manhaja ɗaya aka zuba musu, wadda aka gado daga tsohuwar roka Ariane 4. Sabuwar ta fi tsohuwar gudu, saboda haka wata lamba ta girma ta wuce gidan da aka tanadar mata. Ta ko-ta-kwanar ce ma ta fara tsayawa, kafin ƙiftawar ido ta biyun ta bi ta, bisa dalili ɗaya. Cikin kusan daƙiƙa 40 da tashi rokar ta karkace ta tarwatse.

Amurkawa sun hango irin wannan a kumbonsu mai zuwa ya dawo, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011. Kwamfuta biyar suka sa masa. Huɗu suna aiki da manhaja ɗaya suna duba juna, ta biyar kuwa wani kamfani dabam aka ba ya rubuta mata tata, domin idan akwai kuskuren da ya ɓuya a cikin manhajar farko, kada ya kwashe su gaba ɗaya. Gicci ke nan: huɗu gyaɗa, ɗaya dawa.

Ni ma na sha nawa. A ƙarshen shekarun 1990, a wani reshen banki da na yi aiki, muna alfahari da janareto biyu, har mukan nuna wa baƙi. Wata ranar biyan albashi aka ɗauke wuta, na farko ya tashi, bai yi minti goma ba ya shaƙe. Muka tayar da na biyu, shi ma ya shaƙe. Ashe daga tanki ɗaya suke shan mai, man kuwa an kawo shi da ruwa a ciki. Ma'aikata da 'yan fansho suka yini a rana a bakin ƙofa, mu kuma muna ciki da injuna biyu lafiyayyu da ba su da amfani. Tun daga ranar, duk inda aka ce mini akwai abu biyu, tambayata ta farko ita ce, me suka haɗa?

Duniya gaba ɗaya ta ga irin wannan ranar 19 ga Yuli 2024, sa'ad da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani gyara mai kuskure a lokaci ɗaya. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki, bankuna suka rufe a ƙasashe da dama. Ba yawan na'urori ne ya yi ƙaranci ba, duk iri ɗaya aka shuka.

A Nan Gida

Mu a nan, dogaro da kwamfuta ya shigo mana ne da sauri. A 2001 wayar salula ta fara aiki. A 2011 aka fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. A watan Janairu na 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, a watan Yuli na 2013 kuma shirin ya iso Kano da wasu jihohi. Kafin a daɗe masu POS sun cika bakin titi tun daga Bachirawa da Rijiyar Zaki har cikin ƙauyuka. An samu sauƙi ƙwarai, ba mai musun wannan. Fatake sun huta da ɗaure kuɗi a ƙugu, ɗan ci-rani yana aika wa iyayensa daga Legas su karɓa kafin ya mayar da waya aljihu. A duk tsawon waɗannan shekaru netwok yana ɗaukewa, amma ba mu ji zafin ba sosai, domin akwai tsabar kuɗi a gefe. Takardar naira ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar sabis. Ita ce dawar da ke gicce a cikin gonar.

Ranar 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kuɗin da ke yawo a hannun jama'a suka faɗo daga sama da naira tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1. Ba niyyar shirin nake tattaunawa ba, wannan fagen wasu ne. Abin da ya shafi aikina shi ne, an janye hanya ta biyu a daidai lokacin da aka jibga wa ta farko kayan da ba ta taɓa ɗauka ba. Mai kayan miya da mai shayi da mai rago duk suka koma kan waya a wata ɗaya, na'urorin bankuna suka riƙa ƙagewa, kuɗi su fita daga nan ba su isa can ba. Ba su da dabarar Apollo ta zubar da ƙaramin aiki a riƙe babba, kuɗin magani da kuɗin katin waya layi ɗaya suke bi.

Abin lura shi ne yadda jama'a suka farfaɗo da tsofaffin hanyoyi da kansu. Mai kanti ya ɗauko littafin bashi. A ƙauyuka aka koma ba ni gishiri in ba ka manda, kwanon hatsi a bakin kayan miya. A garuruwan kan iyaka wasu suka riƙa ciniki da sefa. Amana da sanayya su ne suka riƙe kasuwa, har ranar 3 ga Maris 2023 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

Shekara ɗaya bayan haka, ranar 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, muka sake ganin gonar maƙwabcinmu. Manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a rana ɗaya daura da gaɓar Kwaddibuwa. Binciken farko ya danganta abin da motsin ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Kamfanoni dabam-dabam ne suka mallake su, kuma wanda ya yi hayar biyu daga cikinsu yana ganin ya yi tanadi, ashe duk ta kwari ɗaya suka bi. Ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhun sadarwa, wasu bankunan Nijeriya suka kasa aiki, mai POS a Ungogo da bai taɓa ganin teku ba ya yini yana ba mutane haƙuri. Gyaran ya ɗauki makonni. Abin da ya rage zafin shi ne wayoyin da ba su bi ta wurin ba, irin su Glo-1 da Equiano, waɗanda aka karkatar da saƙonni ta kansu.

Akwai alamun an fara ɗaukar darasi. Gwamnatin Tarayya, ta hannun kamfaninta na Galaxy Backbone, ta gina babbar cibiyar adana bayanai a nan Kano domin ta zama mataimakiyar ta Abuja. Rumbu biyu ke nan a gari biyu, don gobara ɗaya kada ta cinye su.

Kammalawa

Mai karatu zai iya tambaya, tun da an san maganin tun 1950, me ya sa ake ta faɗawa rami ɗaya? Amsar ita ce ko-ta-kwana tana da tsada, kuma ba a ganin amfaninta sai ranar da aka rasa ta. A shekarar da damina ta yi kyau, maƙwabcinmu ya fi mahaifinmu samun kuɗin gyaɗa, har ana yi wa mahaifinmu kallon mai tsoro. Haka yake a ofis. Na halarci tarurruka da yawa inda abu na farko da ake yankewa a kasafi shi ne tanki na biyu, ko layin waya na biyu, ko horar da mutum na biyu, saboda shekara uku ke nan ba a taɓa buƙatarsu ba. Sai ranar ta zo a shiga neman mai laifi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Da yawa daga cikinmu yanzu su ne ke riƙe da asibitoci da makarantu da ma'aikatu da kamfanoni, kuma takardun haihuwa da sakamakon jarrabawa da bayanan marasa lafiya da na filaye duk suna komawa cikin kwamfuta. Ba na cewa a guje ta, ni da na ci abinci da ita. Roƙona shi ne, duk wanda aka kawo wa takarda ya sa hannu a sayi na'ura, ya yi tambaya uku kafin ya sa. Ta farko, ranar da ta tsaya, da me za a yi aiki? Ta biyu, abin da aka tanada ɗin, me ya haɗa da na farkon: wuta ɗaya, ɗaki ɗaya, kamfani ɗaya, ko mutum ɗaya da shi kaɗai ya san lambar sirri? Ta uku, yaushe rabon da a gwada shi?

Wannan ta ukun ma a wurin Yaya na ƙara fahimtarta. Bayan suna da 'yan kwanaki na same shi ya sa an ɗage jinkar rumbu, yana ciki yana juya dammunan dawa. Na ce, "Yaya, ai ba yanzu za a taɓa wannan ba." Ya ce, "Shi ya sa nake dubawa. Rumbun da ba a leƙawa, gara ce ke da shi."

Ragonsa kuwa na biya shi kafin salla, da tsabar kuɗi, don ya ce shi ba ya karɓar wanda ba ya iya ƙirgawa. Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara haɗa kanmu, Ya ba mu damina mai albarka, amin.